Tsohuwar Corolla tana rawa a silo, alamar taimin kuma ta ƙi tsayawa wuri ɗaya

Mai KE70:

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena masana ƙarfe. Kuka na kawo a kan wata tsohuwar mota da ta kusa sa ni furfura. Corolla ce KE70 ƙirar 1982, injinta 4K, mai kafireta da kwantak, ba a taɓa juya mata komai zuwa na zamani ba. Ta kawuna ce, shekara huɗu ke nan da ta dawo hannuna. Ni ba makaniki ba ne. Ina dai da sifanoni da sukundireba da son taɓe-taɓe, kuma ina jin shi ne ya kai ni inda nake yanzu.

Da safe in na ja cok, bugu ɗaya take tashi, ta yi ta gurnaninta lafiya. Da zarar allurar zafi ta kai tsakiya na mayar da cok, sai rawa ta fara. Ba irin misin ɗin nan ba ne na fulogi ɗaya ya mutu, wanda kake jin “tif, tif” a bakin salansa a kan ƙa’ida. Wannan ba shi da tsari ko kaɗan. Ta yi daidai na ɗan lokaci, ta faɗi kamar za ta mutu, ta farfaɗo, sandar giya kuwa sai kaɗawa take kamar mai zazzaɓi. In na taka birki zan tsaya, sau da yawa mutuwa take yi, har na ƙware wajen riƙe birki da totur da ƙafa ɗaya. A kan hanya ba ta misin, amma ta yi nauyi. Tudun da take haurawa a giya uku da can, yanzu sai na koma biyu. Zafinta ya ɗan haura inda ya saba tsayawa, kuma in na saki totur a gangara nakan ji salansa tana harbi jefi-jefi.

Abin da na riga na yi: na sauke kafireta sau biyu na wanke, na hura kowane jet. Na sa sababbin fulogai huɗu da sabuwar filtar mai. Wata biyar da suka wuce wani makaniki ya sa mini sabon kwantak da kwandansa, ya daidaita gibin da ido, ya murɗa distiributa da kunne har ya ce ta zauna. Gaskiya a lokacin ta zauna. Bayan kamar wata biyu ne abin ya fara, kaɗan-kaɗan, yana ƙaruwa.

Don kada ta riƙa mutuwa na yi ta ƙara sukurun silo, wato juyin da inji ke yi a tsaye ba a taka totur ba, yanzu tana wajen juyi 1,100 a minti. Sai wani sabon abu ya ɓullo: in na kashe makulli ba ta mutuwa nan take, sai ta yi ta kakari tana girgiza na daƙiƙa uku ko huɗu. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne ɗayan sukurun, na haɗin mai da iska. Ko na ɗaure shi har ƙarshe, ko na kwance shi juyi biyar, injin bai ma san ina yi ba.

Jiya na ari fitilar taimin, mai nuna lokacin da wuta ke isa fulogi, na maƙala a wayar fulogi na ɗaya. Alamar da ke jikin fuli ta ƙi tsayawa, tana tsalle tsakanin kamar digiri 2 zuwa 12. Ban cire tiyon komai ba, haka na haska. To ina zan tsayar da ita alhali ita kanta ba ta tsaya ba? In ɗauki tsakiya? Ko in haƙura in nemi wata kafireta kamar yadda kowa ke gaya mini? Ku taimaka wa ƙaninku.

Yaron Gareji:

Wa alaikumus salam Yallabai. Kafin komai duba solonoyid ɗin da ke jikin kafireta, wanda waya ɗaya ko biyu ke shiga. Aikinsa toshe hanyar man silo in an kashe makulli. In ya mutu ko wayarsa ta saki, hanyar a toshe take zama, mota ba za ta yi silo ba sai an buɗe mata totur, sukurun haɗi kuma ba zai yi aiki ba, daidai yadda ka faɗa. Buɗe makulli kada ka tayar, ka zare wayar ka mayar, ya kamata ka ji “ƙyas”. In babu ƙara ka kama ɓarawonka. In akwai, to ni dai a ganina kafiretar ta gaji, shekara arba’in da ɗoriya ba wasa ba ne. Canja ta ka huta.

Baba Mai Sifana:

Ɗana, kada ka sayi komai tukuna. Yaron nan ya faɗi gaskiya a kan solonoyid, minti ɗaya ne gwajinsa, yi shi. Amma maganar canja kafireta, a’a. An bar jaki ana dukan taiki. Kafireta ita ce ke sama, ita ido ke gani, ita ke da sukurori masu kiran hannu, shi ya sa kowa ke fara zarginta. Ni a aikina ita nake taɓawa a ƙarshe: bawul tukuna, sai wuta, sannan mai.

Ka riga ka ba da amsar rabin tambayarka ba ka sani ba. Ka ce an sa kwantak, ta zauna, bayan wata biyu ta fara lalacewa a hankali. Jet ba ya toshewa da irin wannan ladabi. Abin da ke yin haka shi ne ɗan dugadugin roban nan na kwantak da ke gogar kam ɗin distiributa. Sabo ne, yana cinyewa da sauri a farkon aikinsa, balle in ba a shafa wa kam ɗin ɗan giris ba. Yana cinyewa gibin kwantak na tsukewa. Gibi na tsukewa, kwantak na makara wajen buɗewa, kuma buɗewarsa ita ce lokacin da kwayil ke sakin wuta. Wato taimin ɗinka na ja da baya da kansa ba tare da kowa ya taɓa distiributa ba. Wuta mai makara kuwa alamominta su ne waɗanda ka lissafa: mota ta yi nauyi, ta ƙara zafi domin man na ƙarasa ƙonewa a hanyar fita, silo ya raunana.

Daga nan kai ma ka ƙara naka. Silo ya raunana, ka ɗaure sukuru, faifan totur ya buɗe. A jikin maƙogwaron kafireta akwai ramin man silo a ƙasan faifan, shi sukurun haɗi ke mulki. Sama da shi kaɗan akwai wani rami ko tsaga da aka yi domin lokacin da ka fara taka totur. In faifan ya buɗe ya wuce wannan tsagar, inji na shan mai ta can, ba ruwansa da sukurunka. Shi ya sa kake murɗawa ba ya ji. Kakarin da take yi bayan ka kashe makulli ma daga nan ne: totur a buɗe, inji da zafi, mai na samun hanyar shiga, sai ya ci gaba da kamawa ba tare da fulogi ba.

To ga yadda za ka bi, kuma kada ka tsallake.

Fara da tafet, inji da zafi. A 4K gibin bawul ɗin shiga milimita 0.20 ne, na fita 0.30. Bawul da ya matse ba ya zama sosai in ƙarfe ya yi zafi ya buɗe, kuma silo ne wurin da ake fara jin sa. In kana da ma’aunin kwamfureshan, auna dukan huɗun tun fulogai na waje, totur a buɗe. Ba girman lambar na fi damuwa da shi ba, kusancinsu da juna nake so.

Sai kwantak. Juya inji da hannu har dugadugin ya hau kan ƙololuwar kam, ka sa fila geji mai tsabta, 0.45. Ba ido ba, ba kwalin sigari ba. In ka sami mitar da ke auna digirin da kwantak ke yi a rufe, a wannan injin wajen 52 ake so. Ka riƙe wannan: kusan duk digiri ɗaya da ya ƙaru a nan, taimin ya ja baya da digiri ɗaya. Saboda haka kwantak ake fara yi kafin taimin. Wanda ya yi taimin sannan ya taɓa kwantak ya rushe aikinsa da hannunsa.

Yanzu tsallen alama, wanda shi ne ainihin tambayarka. Kada ka ɗauki tsakiya. Alamar da ke tsalle digiri goma tana gaya maka akwai abin da ke lilo, kuma wurare uku ne. Cire murfin distiributa, ka kama sandar da rota ke kai ka girgiza gefe da gefe. In tana motsi har ka ga bakin kwantak na buɗewa da rufewa, bushin ya ci, babu setin da zai zauna sai an gyara shi. Na biyu, kama rota ka murɗa shi ta inda yake juyawa ka saki. Ya kamata ya tafi kaɗan da ɗan tauri, ya dawo da kansa tsaf. In ya cije, ko ya dawo rabi, ko ya yi sakwa-sakwa, to nauye-nauyen nan biyu da ke ƙarƙashin farantin kwantak sun yi tsatsa ko sifirin ɗinsu ya saki. Su ne ke ƙara taimin in inji ya ɗau gudu, kuma a juyi 1,100 ɗin da kake, ƙila sun riga sun fara buɗewa, don haka abin da ka karanta jiya ba taimin ɗin silo ba ne ma sam. Na uku sarƙar taimin. Murfi a cire, sa sifana a notin fuli, juya gaba har rota ya motsa, sannan ka juya baya a hankali kana kallon digiri nawa fuli ya ci kafin rota ya bi. Biyu ko uku ba komai. In ya doshi goma, sarƙa ta saki.

Gwangwanin nan da ke gefen distiributa mai tiyo, shi ma gwada shi. Zare tiyon daga kafireta ka zuƙa da baki. Farantin kwantak zai motsa, in ka toshe da harshe ya tsaya a nan. In iska kake ta sha kamar ta bututu, fatar ciki ta yage.

In duk sun yi kyau, sai ka cire tiyon, ka toshe ɓangaren kafireta, in tiyo biyu ne ka cire duka. Sauke silo ƙasa da 900, ka sassauta notin distiributa, ka kawo alama kan digiri 8 kafin fistin ya kai ƙololuwa. In takardar da ke manne a ƙarƙashin bonet tana nan kuma ta faɗi wata lamba, bi tata, domin injin iri ɗaya ne amma an fitar da shi da seti daban-daban. Murɗa jikin distiributa kishiyar juyawar rota shi ke ƙara taimin. Za ka ji silo ya haura da kansa. Sai ka kwance sukurun silo ka maido da faifan mazauninsa, kuma a nan ne sukurun haɗi zai dawo hayyacinsa.

Abu ɗaya game da wannan injin musamman. Manifol ɗin shiga da na fita a gefe ɗaya suke, gaskit ɗaya suke rabawa, zafin ɗaya na cin ɗaya, kuma wurin na yawan shan iska. Mutane na fesa fetur ko man wanke kafireta a wurin su ji ko inji zai canja murya. A kan 4K ban yarda da wannan ba, ƙarfen salansa mai zafi na nan ƙasa da hannunka. Fesa ruwa, ko ka sa guntun tiyo a kunne ka bi bakin gaskit ɗin da ɗaya bakin, za ka ji shewar iska in akwai.

Direban Dogon Zango:

Baba, a gafarce ni, amma ni duk wannan lissafin digiri bai taɓa shiga kaina ba. Shekara da shekaru na tuƙa masu kafireta, ban taɓa riƙe fitila ba. A sassauta noti, a murɗa har inji ya yi murya mafi daɗi, a ɗan dawo baya, a ɗaure. Sai a hau hanya a giya ta sama, a take totur daga ƙaramin gudu. In an ji ƙara kamar an zuba tsakuwa a gwangwani, a rage. In ba a ji ba, shi ke nan. Injin da ya tsufa ba ya bin littafi, kuma fulin ma wa ya tabbatar alamarsa na nan inda kamfani ya sa ta? Na taɓa ganin wanda aka ɗauko daga wani injin aka ɗaura, alama na can, fistin na can.

Oga Rewaya:

Malam Direba, maganarka ta ƙarshe ita ce mai nauyi, kuma ina tare da kai a kanta. Mai KE70, tabbatar da alamar kafin ka yarda da ita. Cire fulogi na ɗaya, na wajen lagireto, toshe ramin da yatsa a juya inji da hannu har ka ji iska na turo ka. Sai ka zura wani abu mai laushi, kamar tsinken roba, ka ci gaba da juyawa a hankali har ya daina hawa. A nan alamar fuli ta kamata ta kasance kan sifili, rota kuma na kallon wayar fulogi na ɗaya. Daga nan ka bi wayoyin ta yadda rota ke juyawa: 1, 3, 4, 2.

Amma setin kunne a silo, nan muka rabu. Inji ba ya ɗauke da kaya a silo, saboda haka kana ƙara masa taimin yana ƙara daɗin murya, har ka wuce inda ya kamata da nisa. Kunne zai kai ka digiri 15 ko 20 yana ce maka madalla. Sai ka hau hanya nauye-nauyen nan su ɗora nasu a kai, gwangwani ya ɗora nasa. Ƙarar tsakuwar da kake ji ita ce wadda ta yi yawa, akwai wadda hayaniyar hanya ke rufewa, tana can tana cin kan fistin da ringi. Wata alama kuma, mota da zafi ka buga sitata ka ji ya yi “gu… gu” kamar batir ya mutu alhali lafiyarsa lau, wuta ce ke riga fistin isowa tana tura shi baya. Gwajin hanyar da ka faɗa yana da kyau, amma bayan fitila, ba a madadinta ba.

Ta ɓangarena kuma ga abin da Baba bai taɓo ba. Cikin distiributa akwai wata ’yar siririyar waya da ke haɗa faranti da jiki, ita ce as. Kullum faranti na motsi tana lanƙwasa, sai ta tsinke ta ciki ta bar gashi biyu ko uku. Wutar sai ta riƙa zuwa tana ɗaukewa, fitila kuma ta nuna maka tsalle. Dubi bakin kwantak ɗin ma: in ya ƙone ya yi baƙi ko shuɗi cikin wata biyar, ko kwandansa ba shi da kyau, ko an tsallake resistan da ke gefen kwayil an ba shi wutar batir kai tsaye. Wayoyin fulogi, auna kowace, kada ta wuce om dubu 25. Ka tayar da ita cikin duhu ka leƙa, in kana ganin tartsatsi na yawo a jikin wayoyi ko kan kwayil, ka ga inda wutarka ke zuba. Kuma ka nisanta wayar fitilar da sauran wayoyin fulogi, in ta kwanta a kansu takan ɗauki bugun da ba nata ba, ka yi ta zargin inji a banza.

Mai KE70:

Allah ya saka da alheri, ya ƙara girma. Na kwashe kwana biyu a kanta, ga abin da na tarar.

Solonoyid na ƙara, lafiyarsa ƙalau. Gilashin da ke jikin kafireta ma mai na tsaye daidai ɗigon tsakiya. Kwamfureshan 10.5, 10.5, 10, 10.5. Tafet bakwai sun yi kusa da daidai, amma na fita a silinda ta uku 0.15 kawai ya shiga, na mayar da shi 0.30. Alamar fuli na duba yadda Oga Rewaya ya ce, tana kan sifili, don haka Malam Direba fulin nata ne na asali.

Kwantak kuwa, Baba, kamar kana tsaye aka yi. Geji 0.45 ko kusa bai shiga ba, sai da na sauko 0.25. Kam ɗin a bushe ƙayau, da wani jan gari-gari a kansa, dugadugin ya cinye har ya karkace. Na sa wani sabo, na shafa giris ɗan kaɗan kamar kan ashana. Sanda ba ta lilo sosai. Sarƙa ta ci kamar digiri 3 zuwa 4. Amma da na murɗa rota sai ya tafi ya zauna can, sai da na dawo da shi da hannu. Na yi wa jikin distiributa da inda rota ke kallo alama, na zare ta gaba ɗaya, na cire faranti. Nauyi ɗaya na motsi, ɗayan ya kafe da tsatsa da busasshen giris, sai da na jiƙa shi kafin ya saki. Na wanke, na goge sandunan da suke juyawa a kai, na ɗiga mai, har da ɗan audugan da ke ƙarƙashin rota wanda ban taɓa sanin ana ɗiga masa mai ba. Gwangwanin kuma a yage yake, na zuƙa har kaina ya yi jiri, faranti ko gezau. Na samu wani na kwance mai riƙe iska na ɗaura.

Da na mayar na haska, tiyo a cire a toshe, alama ta tsaya cak kamar an zana ta. Na kawo ta 8. Silo ya tashi har wajen 1,500 ba tare da na taɓa kafireta ba, na yi ta kwance sukuru, juyi kusan biyu, kafin ya sauko 800. Na ɗaure sukurun haɗi a hankali har ya taɓa, na kwance juyi biyu da rabi, na tayar. Ina ɗaure shi rabin juyi inji ya fara tangaɗi. Wallahi dariya na yi ni kaɗai, wata uku ke nan rabon da sukurun nan ya amsa mini. Na bar shi inda juyin ya fi tsayi da santsi, na sake maido da silo 800. In na ba ta wuta ina haskawa, alama na tafiya gaba sumul ta dawo wurinta. Kakarin kashe makulli ya tafi, tudun nan kuma na haura shi a giya uku.

Sai dai tsugune ba ta ƙare ba. Tana tsaye tana silo lafiya, in na taka birki na riƙe, juyin na faɗuwa ya ɗan yi rawa, in na saki ya dawo. Ba ta mutuwa yanzu, amma abin na nan. Na bi bakin manifol da tiyo a kunne ban ji komai ba. Wannan kuma daga ina?

Baba Mai Sifana:

Madalla ɗana, aikinka ya yi kyau. Wannan da ya rage ba na wuta ba ne, dā ma yana nan, manyan ne suka rufe shi. Birkinka na aiki da zuƙar inji. Akwai tiyo mai kauri daga manifol zuwa baƙin tulun nan da ke bayan tukunyar man birki. Taka birki sau ɗaya ya ɗan taɓa silo na ƙiftawar ido, wannan ba laifi ba ne. Amma ka riƙe feda rawa ta ci gaba, iska na shiga ta can.

Sa wani ya taka ya riƙe, kai kuma ka matse tiyon da filaya, ka naɗa tsumma kada ka huda shi. In silo ya daidaita, ɓarnar na daga inda ka matse zuwa tulun. Sai ka gwada tulun kansa: kashe inji, taka birki sau biyar har feda ta yi tauri, riƙe ta, ka tayar. Ya kamata ta ɗan nutse ƙarƙashin ƙafarka. Bayan nan bar inji ya yi minti ɗaya, ka take, ka kashe makulli kana riƙe da ita rabin minti. In tana turo ƙafarka sama, tulun na zubar da iska. Ka kasa kunne wajen feda ma ko za ka ji shewa. In tulun ne, kada ka buɗe shi kada ka yi masa dabara, birki ne, a canja shi.

Bawul ɗin nan na silinda ta uku kuma kada ka manta da shi. Gibin bawul ɗin fita ba ya raguwa rabi haka kawai. Ko wanda ya yi setin baya ya matse shi, ko bawul ɗin na nutsewa cikin mazauninsa. Yi tafiyar kilomita dubu ka sake aunawa, kwantak ɗin ma haka, tunda sabon dugadugi zai ɗan zauna.

Mai KE70:

Baba, na yi. Da na matse tiyon rawar ta tsaya. Gwajin nutsewar feda ta ci, amma da na kashe ina riƙe da ita, a hankali ta riƙa turo ƙafata, kuma da na sunkuya akwai ’yar shewa daga sama da feda in an taka. Tiyon ma bakinsa na wajen tulu ya tsage ƙarƙashin kilif, na canja shi, silo ya ƙara lafawa ko ba a taka birki ba, har sai da na sake rage sukuru kaɗan. Rawar riƙe birki dai ta ragu amma ba ta tafi ba, saboda haka tulun ne. Na ajiye motar sai na samo wani.

Na rubuta lambar kilomita a takarda na manna cikin akwatin gaban mota, da 0.30 na bawul da 0.45 na kwantak da digiri 8. In na cika dubun zan dawo in faɗi abin da geji ya nuna a silinda ta uku.